Surukin Baba a Cikin Rairayi

Ban taɓa son mijin ƙanwata ba, kuma ba zan yi ƙarya in ce tafiyar hamada ta sa na so shi ba. Mutumin Bilbis ne, dogo, mai sanyin murya, irin waɗanda in sun hango babba tun daga nesa suke tuɓe takalmi su durƙusa cikin rana. Duk Furfuri barka ake yi wa Baba da samun suruki mai kunya. Ni kuwa da nake zaune a Sabon Garin Gusau ina taka keken ɗinki, mutane iri-iri na shiga shagona suna fita, na daɗe da sanin bambancin ladabi da mutuwar zuciya. Inuwar giginya nake ce masa a bayan idonsa, wani lokacin ma a gaban idonsa.

Abin da ya sa na daina amsa gaisuwarsa shi ne ɗansu na fari. Yaron bai daɗe da fara tafiya ba zazzaɓi ya kama shi wata la'asar, har ya fara shiɗewa. Ƙanwata ta aika a kira uban. Yana ƙofar gida zaune da mahaifinsa da yayyensa, babur na jingine a gabansa. To, a wurinmu mutum ba ya nuna ya san da ɗan fari, ba ya kiran sunansa, balle ya zabura dominsa a gaban manya. Sai ya sunkuyar da kai ya ci gaba da zama, yana jiran wani babba ya ce masa tashi. Manyan kuwa hirar taki suke yi. Ta sake aikawa, ya sake sunkuyar da kai. Ƙarshe ita ta goya yaron ta fita bakin titi da ƙafa, wani mai mota ya ji tausayinta ya kai su asibiti a Tsafe. Yaro ya rayu, amma kunnensa ɗaya ya mutu, ɗayan ma sai an ɗaga murya. Daga asibitin ba ta koma Bilbis ba, gida Furfuri ta wuce da kayan jikinta.

Baba ya ce wannan yaji ne, yaji kuwa biko ke maganinsa. Na zo daga Gusau musamman don in ce masa kada ya mayar da ita. Ya saurare ni yana ɓare goro, sannan ya juya wajen Inna, don ba ya yi mini magana kai tsaye in da wani a wurin.

“Yaron ga mi yay yi? Kunya yaj ji, ɗan mutunci na. Ni da kaina ban taɓa ɗaukar wanga ba,” ya nuna ni da haɓa, “ga shi nan ya girma har shina mani gardama.”

Gaskiya ya faɗa. Ni ne ɗan farin Baba, kuma har na yi gemu ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. Ko dai “kai”, ko “wanga”.

A shekarar ne ɓarayin daji suka kore masa shanun huɗa. Ya rantse ya gama da shanu, raƙumi zai koma, kamar yadda manoma da yawa suka yi a wajenmu. Akwai wani tsohon Buzu da ya daɗe yana gadi kusa da shagona, shayi da goro suka haɗa shi abota da Baba. Shi ya ce masa ya bar raƙuman kasuwa da ba a san halinsu ba, ya zo su je wurin danginsa can gaba da Agadas ya zaɓa da idonsa, in ya so masu koro dabbobi kudu su taho masa da shi. Baba mutum ne da in ya sa abu a kai sai ya gani. Ya ce zai tafi da surukinsa, tunda dangin uwarsa makiyaya ne, ya san dabba. Ya kuma yanke magana a tsakar gida, ƙanwata na ji daga ɗaki.

“In mun komo, ɗiyar ga ta koma ɗakinta. Na gama.”

Ni ba a gayyace ni ba. Inna ce ta ɗaure maganin hawan jinin Baba a leda ta danƙa mini, ta ce in ban bi shi ba ba wanda zai tuna masa. Na rufe shago ana tsakiyar bazara, raina a ɓace, na bi su.

Daga Gusau zuwa Sakkwato, zuwa Illela, muka tsallaka Ƙonni, muka bi ta Tawa har Agadas, duk ban ga abin damuwa ba. Suruki ba ya ci ba ya sha a gaban surukinsa, wannan kowa ya sani, amma a kan titi akwai rumfuna da bayan shaguna. Duk inda mota ta tsaya sai ya sulale, ya dawo yana goge baki a ɓoye. Ya ɗaukar wa Baba jaka, ya shimfiɗa masa buzun salla, ya bi bayansa kamar raƙumi da akala. Ni dai ina kallo ina tsaki.

A Agadas aka sauya mana mota. Akori-kura ce ta ɗan ƙanen tsohon Buzun, shi ne kuma direban, wani siririn mutum mai jan ido wanda tun kallon farko na san ba ya ƙaunarmu, ni ma ban ɓata lokaci wajen rama masa ba. Gaban motar an ba wata mata mai jego da uwarta, don haka mu duka muka hau baya kan buhunan gero da sukari, mu da tsohon da wasu Buzaye biyu. Wurin ya yi ƙunci har gwiwar Baba na gugar ta surukinsa. Jarkokin ruwa na ɗaure a gefe, an naɗe su da jiƙaƙƙen buhu, da kofin roba guda a rataye.

Muka fita da sassafe. Da farko ƙasa ce mai tsakuwa da ƙaya jefi-jefi, kamar dajinmu in an yi fari. Hantsi na yi itatuwa suka ƙare. Direban ya tsaya ya zagaya yana rage iskar tayoyi, ya ce kowa ya riƙe ƙarfe da hannu biyu. Na ɗaga kai na ga abin da ke gabanmu. Tuddan rairayi ne, ja-ja, wani bayan wani har iyakar gani, wasu sun fi benen da ya fi kowane tsawo a Gusau. Babu hanya, babu sawu, babu ko tsuntsu.

Direban ya ja da baya, ya taka mota ta yi kururuwa, muka nufi tudun farko a guje. Hancin motar ya kalli sama har na daina ganin komai sai fari, buhuna suka zame suka danne mini ƙafa. Muna kaiwa ƙoli ta ɗan tsaya kamar mai shawara, sai ta kifa kai. Hular Baba ta tashi, muka bar ta can. Buzayen nan dariya suke yi ta cikin rawani, Baba na ta salati, ni kuwa ina zagin direba a zuciya da duk wanda ya koya masa tuƙi. Haka muka yi ta yi, hawa da gangara, wani wurin motar ta karkace har yashi na zubowa ta gefe. Duk lokacin da muka tsira daga wani tudun sai direban ya leƙo ta taga ya dube mu, ya ga ko mun yi amai.

Zafin wurin ba irin namu ba ne. Gumi ba ya tsayawa a jiki, yana fitowa iska ke lashe shi, sai dai ka ga gishiri a wuyan riga. Tsohon Buzu ya ce a riƙa sha ko ba a jin ƙishi. Kofi ya zagaya, Baba ya sha, na sha, aka miƙa wa mijin ƙanwata. Ya sunkuyar da kai.

“Alhamdu lillahi, na ƙoshi.”

Kofi ya sake zagayowa, ya sake ƙoshi. Baba ya dubi Buzayen yana murmushi, kamar mai nuna ingarman da ya saya.

“Kun gani? Haka mutanenmu su ke. Ko mutuwa za ya yi, bai shan ruwa gabana.”

Tsohon ya girgiza kai. Ya ce su ma suna kunyar surukai, har sun fi mu, amma abin da ya sa Allah ya ba su rawani ke nan, ta ƙarƙashinsa suke tura kofi su sha ba wanda ya ga bakinsu. Ya ciro wani baƙin ƙyalle daga jakarsa ya miƙa masa. Na ga hannun mutumin ya motsa, ya ɗago ido ya saci kallon Baba. Baba ya yi dariya ya ce ɗan Bilbis ba ya buƙatar tsumma kafin ya yi kunya. Hannun ya koma kan gwiwa.

Wajen azahar motar ta kafe. Ta hau wani tudu ta kasa kaiwa, ta dawo da baya ta nutse har ciki. Aka sauko da shebur da wasu faffaɗan ƙarafa da ake turawa ƙarƙashin taya. Yashin na ƙona tafin hannu. Mu tona, a tura ƙarfe, mota ta yi taku kaɗan ta sake zama, mu ciro ƙarfen mu kai gaba mu sake tonawa. Direban na tsaye yana ba da umarni da ƙafa. Wanda ya fi kowa tona shi ne mijin ƙanwata, don Baba na kallo. Ya karɓe shebur daga hannun Buzu, ya shiga ƙarƙashin mota da ciki, ya fito fari fat. Da aka tsaya yin taimama, don direba ya hana taɓa ruwa da sunan alwala, na ga mijin ƙanwata ya zagaya bayan mota wajen jarkoki. Ashe Baba ya riga shi, ya kwanta a 'yar inuwar da ke wurin, kansa a jikin jarka. Ya yi tsaye jim, ya juyo.

Na tare shi na tura masa kofi a ƙirji.

“Sha, munahuki. Wa za ka burge? In ka mutu nan ni ba ni ɗaukar gawarka.”

“Yaya, Baba na nan,” ya ce, muryarsa kamar ana jan busasshen kara.

Na shanye ruwan a gabansa, a hankali, ina kallon idonsa. Na so ya ji haushi ya fizge kofin, ko ya zage ni, ko ya yi wani abu irin na mai jini a jika. Bai yi ba, ya koma ya ɗauki shebur.

Rana ta yi ƙasa muka sauka a wani kwari tsakanin tuddai biyu, nan za a kwana. Ba na son yabon wurin, amma na ga abin da ban taɓa gani ba. Yashin ya koma ja kamar garwashi, inuwar kowane tudu ta miƙe ta hau na kusa da shi, shirun wurin har kunne ke yi wa nauyi. Buzayen suka hura wuta da itacen da suka taho da shi, suka ɗora shayi. Ɗayansu ya kwaɓa fulawa ya binne ta cikin yashi mai zafi ya rufe da toka, ta gasu ya tono ya kakkaɓe, aka gutsuttsura cikin miya. Direban ya yi mana doka guda, da yatsa a sama.

“Mai son kama ruwa shi tsaya inda ya ka ganin wuta. Wanda yat tahi bayan tudu, uwatai ta haihi wani.”

Muka yi magariba. Aka sa kwano a tsakiya kowa ya matso, ban da mutum ɗaya. Ina ganinsa ya tsiyayi ruwa a 'yar buta, ya ɗauki gutsuren burodin ya sa a aljihu, ya fara hawa tudun da ke bayanmu. Tsohon Buzu ya yunƙura zai kira shi, Baba ya riƙe masa riga.

“Bar shi, kunya ta. Yanzu ya komo.”

Ni ma ban kira shi ba. Na ce a raina ya je ya sha ruwan nasa a inda Baba ba zai ji ƙarar maƙogwaronsa ba.

Kafin a gama shayi na biyu iska ta taso. Ba guguwa ba ce, iska ce mai ja a ƙasa, tana kwasar yashi tana watsa mana a ƙafa. Aka yi isha bai dawo ba. Tsohon ya hau tudun da tocila ya dawo ya ce babu kowa, sawun ma ya shafe. Daga baya ne, bayan komai ya wuce, mutumin ya gaya wa tsohon abin da ya faru. Wai da ya zauna a bayan tudun farko sai ya jiyo tarin Baba, ya ga ai wanda kake jin tarinsa kamar yana ganinka ne, sai ya ƙara gaba ya tsallake na biyu. Da ya gama ya juyo, duhu ya rufe, tuddan duk sun zama iri ɗaya.

Direban ya hau da motar kan tudu ya kunna fitilu, ya yi ta danna ƙaho. Na ce a bi shi da mota. Ya ce ba zai kashe mai jego da jaririnta don wani wawa ba, ya ƙara da cewa bai taɓa ɗaukar kaya marasa amfani irinmu ba. Na tashi zan shaƙe shi aka shiga tsakani. Da na rasa inda zan sauke zuciyata sai na juya kan Baba, a gaban baƙi, na faɗa masa abin da na daɗe ina haɗiyewa. Na ce shi ya kore shi bayan tudun nan da bakinsa. Na ce wannan kunyar da yake tallatawa ita ta cinye kunnen jikansa, yau ga ta za ta ci mutum sukutum, kuma wurin irin wannan yake son mayar da 'yarsa. Har yau ban yi nadamar kalma ɗaya ba.

Baba bai dube ni ba. Ya ce wa tsohon Buzu, “Ka ji ɗiyan zamani.” Ya ja bargo ya juya baya. Sanyin wurin kuwa sai ka rantse ba nan ne aka soya mu da rana ba, yana ratsa bargo ya shiga ƙashi. Na kwanta yashi na shiga mini kunne da haƙora, taurari sun sauko kamar a miƙa hannu, ban ga kyansu ba. Duk lokacin da na buɗe ido sai in ga Baba zaune, ba ya kwance.

Gari na wayewa aka rarrabu. Buzayen biyu suka hau tuddai da ƙafa, mu muka bi da mota muna zagaye, kowane zagaye ya fi na baya faɗi. Direban ya ce mansa ƙidayayye ne, in rana ta take tsaka ba a gan shi ba zai wuce, mai son zama ya zauna. Hantsi ya yi, zafi ya dawo. Muka kafe sau ɗaya, na tona da hannu har farcena ya fashe, ina tona ina tsine wa mutumin da nake nema. Can ɗaya daga cikin Buzayen ya ɗaga rawani daga nesa. Takalmi ɗaya ya tsinta. Gaba kaɗan ga buta a kife. Ashe duk daren tafiya ya yi, yana jin ƙahon motar ta inda iska ta kai shi, yana ƙara nisa da mu.

Rana na dab da tsaka muka same shi a gindin wani tudu, ya tona rami kamar kare ya kwanta, ya ja riga ya rufe kansa. Da aka yaye rigar na ɗauka gawa ce. Leɓɓansa sun tsattsage sun yi baƙi, harshe ya cika masa baki, idanun sun faɗa. Amma ƙirjinsa na motsi.

Ban taɓa ganin Baba ya yi gudu ba sai ranar. Tsoho mai hawan jini ya diro daga mota, ya fizge kofi daga hannun Buzu, ya durƙusa ya tallafo kan surukinsa ya ɗora a cinya. Ya kai kofin bakinsa. Ruwa ya taɓa leɓen, mutumin ya buɗe ido. Ya dubi fuskar da ke kansa, ya gane ta. Sai ya datse baki ya kawar da kai. Ina tsaye ina gani yana jan ƙafafu, yana neman ya tattara su ya durƙusa.

“Sha,” in ji Baba. “Ni nac ce ka sha. Na yahe maka, sha.”

Ya ƙara kawar da kai. Ruwan ya bi gefen bakinsa ya zube, yashi ya shanye.

“Don girman Allah, ɗana, sha.”

Bai sha ba. Direban ya tofar da yawu ya faɗi wata magana da harshensu wadda ban nemi fassararta ba. Tsohon Buzu ya dafa kafaɗar Baba, a hankali ya ce, “Malam, tashi ka koma bayan mota.” Baba ya sauke kan a ƙasa, ya miƙo mini kofin ba tare da ya dube ni ba, ya tafi yana jan ƙafa.

Sai da mutumin ya bi shi da ido ya tabbatar ya ɓace, sannan ya buɗe baki. Na riƙe masa haɓa ba da taushi ba, ina ɗiga masa kaɗan-kaɗan yadda tsohon ya ce, yana haɗiya yana shaƙewa yana kama mini hannu. Ba don ƙauna na ba shi ba. Da ya samu bakin magana, abin da ya fara tambaya shi ne ko Baba ya gan shi yana sha.

Na bar shi da Buzayen na zagaya in ba Baba maganinsa. Na same shi zaune a 'yar inuwar taya, kansa ba hula, ya tsufa a dare ɗaya. Ya karɓi ƙwayar ya riƙe a hannu.

“Ranar da yaron nan yay yi ciwo, aike nawa ɗiyar ga tay yi?”

Ni yake tambaya, kai tsaye, ba ta bakin kowa ba.

“Biyu,” na ce.

Ya jinjina kai. Ya daɗe yana juya ƙwayar a tafinsa.

“Kai ma ka yi irin ciwon ga kana jinjiri. Ina zaure anka aiko.”

Na jira ya ƙarasa, bai ƙarasa ba, kuma ba sai ya ƙarasa ba. Wataƙila ya so in ce ba komai, ya wuce. Na miƙa masa ruwa na ce ya haɗiye maganin, rana na yi.

Mun isa wurin dangin tsohon da yamma. Suka yi jinyar mutumin da nonon raƙumi har ya miƙe, kuma shi ya zaɓi raƙumin, ya duba haƙora da ƙafa da doro ya nuna wani ja mai faɗin ƙirji. Ba zan hana shi haƙƙinsa ba, ya iya zaɓe, raƙumin nan har yanzu shi ke yi wa Baba huɗa. A hanyar dawowa ya karɓi baƙin ƙyallen ya naɗa, yana sha ta ƙarƙashi yana juya baya. Baba bai sake yin alfahari da shi ba, bai kuma yi masa magana ba har muka sauka a Gusau.

Ana fara yayyafin farko masu biko suka zo Furfuri, mahaifin mijin ƙanwata da yayyensa biyu, da goro da turmin atamfa. Shi kansa yana waje ya tuɓe takalmi ya durƙusa a jikin katanga. Na zo daga Gusau da shirin faɗa, na zauna a bakin zaure inda Baba zai gan ni. Daga cikin gida ana jin ƙanwata na daka. Suka yi gaisuwa mai tsawo, suka yabi zumunci, suka ce yaro dai kowa ya shaida mai kunya ne. Baba ya bar su suka gama, sannan ya tura musu goron gabansu.

“Kunyatai na gane ta da idona, ba labari anka ba ni ba. Mutumin da yaƙ ƙi ruwa hannuna shina bakin mutuwa, in ɗiyata ta hwaɗi gabana bai ɗaga ta. Ni kau na tsuhwa, kullum ina nan kusa. In ita tac ce za ta koma, ga hanya. Ni dai ba ni cewa ta koma.”

Taɓarya ta tsaya a cikin gida. Kowa a zauren na jiran ya ji ko za ta aiko da magana, ko ta fito. Mahaifin mutumin ya gyara zama, ɗaya daga cikin yayyen ya leƙa ƙofar tsakar gida. Can sai muka ji ta ɗaga murya, yadda ta saba saboda kunnen, ta kira ɗanta da sunansa ƙarara, ɗan farin nata, a kunnen surukanta, ta ce ya matso kusa da ita. Sannan taɓarya ta ci gaba da sauka.